Teburin Gefen Gado

Zarton ya riga ya ci rabin ƙafar teburin kafin malamin kafinta ya ankara. Ya taho da sauri ta tsakanin bencina yana kakkaɓe garin katako daga gaban rigarsa.

"Baba Direba! Me kake yi kuma? Ba jiya muka shafa masa banish ba?"

"Kaɗan zan rage," in ji Direba, ko kai bai ɗaga ba.

"Haka ka ce wancan makon."

Wani saurayi daga bencin baya ya leƙo. "Malam, ƙyale shi. Faranti Baba yake son yi, doguwar hanya kawai ya biyo."

Aji ya kwashe da dariya. Direba ya ci gaba da yankansa. Yaran nan duk ya yi jika da su, kuma yaro in bai sami abin dariya ba sai ya ƙirƙira.

Tun da ya shigo makarantar koyon sana'a, sashen kafinta, kowa ya ɗauka tsoho ne da ya ajiye babbar mota yake neman abin riƙe kai. Ba haka ba ne. Tebur ɗaya tak ya kawo shi. Matarsa, wadda shi da unguwa duka ke kira Tela saboda ɗinkin da ta yi rayuwarta a kai, ɓarin jikinta na dama ya shanye, hannun hagu kaɗai ya rage mata. Mace ce da ba ta iya roƙo ba. Wata rana ya dawo ya tarar leɓenta ya bushe har ya tsage, ga kofin ruwa a ƙasa gindin gado, ga 'yarsu Auta a kicin.

"Me ya hana ki kira?"

"Na gaji da jin muryata tana kira."

Ya sayo teburin roba, ya kife da magunguna. Ya sayo na katako a kasuwa, ya yi tsawo, ga rawa kamar mai jin sanyi. Tela ta dube shi ta gefen bakin da ke motsi ta ce, "Kai da ka kai mota ƙarshen duniya, ɗan katakon da zan ɗora kofi ya gagare ka?" Washegari ya je ya shiga aji.

Hannun da ya saba da sitiyari bai saba da zarto ba. Ya ɓata katako, ya yanke yatsa, ya sha tsiyar yara. Amma ya koya. Malamin, yaro mai haƙuri, ya hana shi ƙusa: sai dai a huda rami a jikin ƙafa, a fere harshe a katakon da zai shiga, a shafa gam, a matse. Direba ya yi wa saman teburin ɗan baki kewaye don kada kofi ya zame. Ya yi ƙaramar durowa ta magani, da mariƙi babba wanda yatsun da ba su da ƙarfi za su iya ja.

Tsawon ƙafafun ne ya ƙi zama. Direba ba ya awo da tef. Sandar tsintsiya yake tsayarwa a gefen gadon, Tela ta miƙa hannu, inda hannun ya tsaya ya shata da allin ɗinkinta. Duk ƙarshen mako sai a sake, ita ce ta ce awo ɗaya ba ya isar mai ɗinki. Kuma duk mako sai hannun ya tsaya ƙasa da inda ya tsaya a baya. Shi kuwa sai ya zo makaranta ya ɗauki zarto.

Malamin ya ɗauki sandar daga kan benci. Ya bi shatin allin da ido, suna sauka ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Ya daɗe yana kallo. Da ya yi magana, ya sassauta murya yadda yaran ba za su ji ba.

"Baba, in ka yanke, ba ni da gam ɗin da zai mayar."

"Na sani."

"Kuma mako mai zuwa masu jarrabawa za su zo. In tebur ba ya nan, ba takardar shaida."

"Takardar ka ba yaran nan, su za su nemi aiki da ita. Ni na ce mata yau zan kawo shi."

Malamin ya ajiye sandar. Sai ya ciro fensir daga bayan kunne, ya shata sauran ƙafafun daidai da ta farko, ya riƙe teburin da kansa har Direba ya gama yanka. Suka ajiye shi a daɓe. Saurayin nan mai faranti ya zo ya taɓa gefensa da gwiwa, tebur ko motsi.

"Kai, Baba, ya zauna daram!"

"Banish ɗin bai bushe ba," in ji malamin. "Ta ƙafa za ka riƙe. Kada a ɗora masa komai sai jibi, ko kofi ne, zai bar tabo."

A cikin bas Direba ya ɗora teburin a cinya, ya riƙe ƙafafunsa kamar mai kai jariri asibiti. Wata mata ta so ɗora jakarta, ya tare da kafaɗa. Kwandasta ya ce warin banish zai kori fasinja. Duk ramin da motar ta faɗa sai Direba ya yi tsaki.

"Yaro, ka rage wuta kafin rami, ba a cikinsa ba!"

"Baba, zo ka karɓa mana!" in ji mai tuƙa bas ɗin.

Da ranar da ba wannan ba ce, da ya ba shi amsa. Yau hankalinsa na gida. Yana ganin yadda za ta ɗauki kofin da kanta, ta sha, ta ajiye, ba ta kira kowa ba.

Ya hau matakalar gidan da ƙyar, don gwiwoyinsa sun daɗe da ƙagewa, taka kulocin mota ya cinye su, ko tsuguno ba ya iyawa. Da ya tura ƙofa sai ya tsaya cak. Gadon Tela ne a lungun shiga, an kwance shi, an jingina katakansa da bango.

Bai san lokacin da ya jingina da ƙofar ba.

Auta ta fito da gudu, ta ga fuskarsa, ta ga inda yake kallo.

"A'a, Baba! Tana nan, tana nan! Faɗowa ta yi da safe bayan fitarka. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa ce ta ce a sauke katifa ƙasa, kada ta sake."

Tela na kwance a katifa a tsakar ɗaki, goshinta ya kumbura ya yi baƙi. Inda gadon yake a da, ƙafafunsa sun bar shati a daɓe. Direba ya ajiye teburin a gefenta. Samansa ya wuce kanta nesa. Duk yankan da ya yi, duk awon, ga shi a banza.

Ita kuwa daga inda take kwance cikin teburin take gani. Ta bi shi da ido a hankali, yadda takan juya riga ta duba bayan ɗinki.

"Ba ƙusa ko ɗaya," ta ce. Maganar na fita da nauyi.

"Babu."

"Ashe ka iya, Direba."

"Zan ari zarto a maƙwabta," ya ce da sauri. "In cire ƙafafun gaba ɗaya. Yanzu-yanzu. Auta, miƙo min sanda da alli. Tela, miƙa hannu mu gani."

Auta ba ta motsa ba. Tela ta dubi hannunta na hagu da ke kan zani. Yatsun suka ɗan motsa, suka ja zanin kaɗan, suka tsaya. Hannun bai tashi ba.

"Miƙa mana," ya ce.

"Baba," in ji Auta, ta sunkuyar da kai, "an kwana biyu ni nake ba ta ruwa a baki. Kofi ya fi ƙarfinta. Ranar awo ce kawai take tara ƙarfinta tun safe, ta ɗaga maka. Yau ma gwadawa take yi, wai kada ka kawo tebur ta ba ka kunya. Shi ne ta mirgino."

"Bakinki ya yi tsawo," in ji Tela.

Direba ya tsaya da hannaye a sake. Ya tuna shatin allin nan da ke sauka mako-mako, ya tuna yadda malamin ya daɗe yana kallonsu. Yaron ya karanta abin da ke jikin sandar a tsayuwa ɗaya. Shi kuwa da yake shatawa da hannunsa, ƙafar tebur kawai yake gani.

"Don me ba ki gaya min ba?"

"Kana fita da safe kana fito da baki, kamar lokacin da kake da mota. Ka dawo kana warin katako kana ba ni labarin yara." Ta huta, ta haɗiye yawu. "Na ce bari ya gama abinsa."

A waje wani yana ta danna hon.

"Zai ɗauki mutum?" in ji Tela.

"Me?"

"Teburin naka. Ko na ado ne?"

"Zai ɗauki injin mota ma."

"To zauna. Gwiwarka ba ta kai ƙasa, na sani. Ƙishirwa nake ji."

Ya dubi saman teburin, yana ta sheƙi, ko ƙura bai bari ta sauka a kai ba tun daga makaranta. Ya ji muryar malamin: sai jibi, ko kofi ne. Ya matso da shi jikin katifar, ya tattara rigarsa, ya zauna. Tsawon ya yi masa daidai, kamar da gwiwarsa aka auna.

Auta ta ɗaga uwar ta jera mata matasai a baya, ta miƙa masa kofin. Ya sunkuya, ya tallafi ƙeyarta da hannu ɗaya. Bai taɓa sanin kanta ya yi rashin nauyi haka ba. Ta kurɓa kaɗan, ruwan ya ziraro ta gefen bakin da ya mutu, ya goge mata da hannun riga.

"A hankali, Direba. Ba tanki kake cikawa ba."

Ya rage karkata kofin. Da ya so gyara zama, sai ya ji rigar ta ƙi biyo shi.

"Baba, banish ya kama maka riga!" in ji Auta. "Tashi in ɓamɓare, za ka ɓata shi."

"Ƙyale shi," in ji Tela, idonta a rufe. "Tun ina yarinya nake neman abin da zai zaunar da mutumin nan wuri ɗaya."

Auta ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta juya ta fuskanci bango. Can ta goge fuska ta ce, "Gobe in tashe ka da wuri don makaranta?"

"A'a," in ji Direba.

Ya sake kai kofin bakin Tela, ya jira ta haɗiye.