Biyu Safe, Biyu Yamma

Kafinta yana tsaka da yankan katako zarto ya suɓuce masa. Ya dafe ƙeya da hannu biyu, ya durƙusa.

"Wayyo kaina! Kamar an sare ni da gatari."

Matarsa, wadda ta kawo masa abincin rana, ta dire kwano ta ruga kantin maganin da ke bakin layi. Mai kantin bai taɓa leƙa ajin likitanci ba, amma Dokta kowa yake ce masa, shi kuma yana amsawa da faɗin baki.

"Gajiya ce kawai, uwargida," ya ce, ko ɗagowa daga wayarsa bai yi ba. "Asfirin, biyu safe, biyu yamma. Zuwa asibiti wahalar da kai ne."

Kwana huɗu tana ɓare ƙwayar tana ba shi. A na biyar ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida.

* * *

Likitar asibiti ta ɗaga hoton kansa ga haske.

"Jijiya ce ta tsage, jini ya malala kewayen ƙwaƙwalwa. Bangon cikinta ya raunana. A jini akwai 'yan ƙwayoyin da ke taruwa su toshe tsaga, asfirin kuwa kashe musu ƙarfi yake. Baiwar Allah, wa ya ce ki ba shi?"

Matar Kafinta ta sunkuyar da kai. Yatsunta kawai take kallo.

* * *

Ta samu kantin cike da mutane sun yi layi.

"Kai ka ce gajiya ce!" ta ce wa mai kantin. "Ka nakasa min miji!"

"Haba, uwargida. Ni na ɗura masa? Ciwo ai na Allah ne."

Wata tsohuwa ta ja gefen mayafinta. "Yi haƙuri, 'yar nan. Dokta ai taimakonmu yake."

Ta bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ko mutum ɗaya bai bar layin ba.

* * *

Bayan wata biyu aka sallamo Kafinta, ɓarin damansa a mace, kalma biyu kacal suka rage a bakinsa. Da hantsi takan zaunar da shi a ƙofar gida ya sha iska.

Rannan mai kantin ya zo wucewa, ya rage tafiya.

"Maigida, ya jiki?"

Ta juyo a fusace, amma mijin ya riga ta. Ya yunƙura, leɓensa na karkarwa, miyau na zuba a haɓarsa.

"Na gode," ya ce.