Kuɗin Hannu

Abin ya fara ne a shekarar da Auta ya kammala sakandare, ranar da giyar motar Yaya ta ƙi shiga. Motar tsohuwa ce, gadon mahaifinsu, ita ke kai Yaya ofis tun bayan rasuwarsa. Da ta je karɓo ta a gareji, aka ce mata kayan gyara kaza, kuɗin hannu kaza. Sai ta ga kuɗin hannun ya ninka na kayan, alhali aikin bai cinye wuni guda ba.

Tana isa gida ta zaunar da ƙanen nata a gaban Inna.

"Auta, yau na ga inda arziki yake kwance. A wuni ɗaya hannun makanike ya ci abin da nake samu a mako."

"Yaya, ni da ko tayar keke ban taɓa liƙewa ba?"

"Ai don irinku aka gina makaranta."

Inna ta ba da shawarar a kai shi wajen maƙwabcinsu makanike ya koya a hannu, ba tare da ko sisi ba. Yaya ta ce zamanin nan sai da takarda, kuma motocin yanzu na'ura ke duba su. Kwalejin da ta zaɓa mai tsada ce, sai da rancen karatu. Da Inna ta nuna tsoro, Yaya ta rufe mata baki da cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ita kanta kuɗin ruwan da ke kan rancen ya tsaya mata a rai, ta yi ta istigfari a kansa, amma ta lallashi zuciyarta da cewa kuɗin hannu zai wanke shi kafin shekara ta zagayo.

Auta ya yi karatun, ya fito da sakamako mai kyau, ya sami aiki a wani babban gareji. Shekaru suka ɗan ja. Yaya tana ganin ramarsa, tana ganin takalminsa bai sauya ba, amma duk sanda ta tambaye shi aiki sai ya ce, "An gode Allah." Ita kuwa ta ɗauka tattali ne yake yi.

Wata safiya birkinta ya fara kuka, ta nufi garejin su Auta ba tare da ta sanar da shi ba. Ta same shi tsugune a bakin ramin duba mota, ya shimfiɗa tsumma, ya jera sifanoninsa daga babba zuwa ƙarami, kowanne ya sha goga. Wani abokin aikinsa mai ƙaton tumbi yana jujjuya ɗaya a hannu.

"Injiniya, ka rage mini. Ko da takardar kwalejin za ka haɗa mini gyara?"

"Ajiye, Tumbi. Kai da ba ka san na goma da na sha biyu ba sai ka gwada."

Auta ya ɗago, ya ga yayarsa, dariyar ta bushe a bakinsa.

Ta ja shi gefe, bayan tarin tsofaffin tayoyi. "Kayan aikinka kake sayarwa?"

Ya daɗe yana goge baƙin mai a yatsunsa kafin ya amsa. Biyan rancen ya taru masa, masu bashin sun yi gargaɗi na ƙarshe, ruwan kuma kullum ƙaruwa yake. Ba shi da abin da zai ɗaga sai akwatin nan.

"In ka sayar, da me za ka yi aiki?"

"Sai in koma wankin mota. A nan kowa da kayansa yake shiga ƙarƙashin mota."

"To, ina kuɗin hannun?"

Ya yi murmushi, ba na raini ba. "Yaya, sunan ne na hannu. Kuɗin na Maigida ne. Shi ke biyan haya da wuta da na'ura. Hannun ɗan abin da aka yaga masa yake samu, shi ma sai ranar da mota ta shigo."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Kin yi farin ciki ranar da na gama. Ban so in ɓata miki."

Yaya ta tuna ranar da ta tsaya a wancan garejin da kuɗi a hannu, makaniken yana gefenta yana wanke hannu. Tambaya ɗaya ce za ta yi masa, ba ta yi ba. Ta ɗauki kalmar kuɗin hannu yadda ta ji ta, ta ɗora wa maraya kaya a kanta.

Auta ya kwashi sifanonin ya gyara mata birkin, da natsuwa da ƙwarewar da ta sa ta kau da kai don kada ya ga idonta. Da ya gama ta je tagar biya. Mai karɓa ya ce kuɗin hannu kaza. Ta miƙa, tana kallo aka zura su a aljihun tebur aka murza mukulli, Auta kuwa yana can yana zuba wa hannunsa omo.

Ta dawo ta tsaya a jikin motar, ta shafa sitiyarin da tafin hannun mahaifinsu ya mayar sumul. Sannan ta kira ƙanenta.

"Mayar da kayanka akwati, ka kulle. Ka gaya wa Tumbi an fasa."

"Yaya, bashin fa?"

"Ka nemo mini dillali. Motar zan sayar."