Mai Warin Banda

Lukman ya rantse sai ya zaga ƙauyukan bakin tafkin Kainji, ya ga halin da mutane ke ciki a sabuwar jihar Kebbi, tun da masu ofis sun ƙi tashi daga kujera. Amma yana isa wata tungar masunta kusa da Wara, guzurinsa ya ƙare.

Ya roƙi mai masaukinsa, Ɗanbaba, ya ba shi aiki a bakin tuwo da makwanci.

"Baƙo da aiki? So kake a yi min dariya?" in ji Ɗanbaba. "Ci ka huta, jibi mu sallame ka."

Jibi! Ai komawa gida ke nan. Da safe Lukman ya tuɓe riga, ya faɗa cikin hayaƙin banda, ya hau juya kifi, hawaye shaɓe-shaɓe.

Inna Asabe, matar gidan, ta rangaɗa guɗa. "Malam, taho ka gani! Mai warin banda ai ya wuce baƙo!"

Ɗanbaba ya tuntsire da dariya. "To, ɗan gida, na gefe suna ƙonewa. Kwashe su ka zo, akushi ɗaya za mu ci."