Kuskuren da Osvaldo Ya Tsinta

Kafin zuwan Maryse Thibodeau, duk wanda ya shigo ofishin da tambaya a kan iska, teburin Osvaldo Furtado ake nuna masa. Ƙaramin kamfani ne a saman wani tsohon sito da ke kallon tashar jiragen ruwa ta New Bedford. Aikinsu shi ne su gaya wa masu kafa manyan fankokin da iska ke juyawa su ba da lantarki a cikin teku inda za su dasa kowace. Fankar da ke gaba takan sha iskar, ta bar wa na baya saura a hargitse. In an matse su, lantarki ya ragu. In an ware su da yawa, wayar ƙarƙashin ruwa ta cinye ribar. Osvaldo ya yi shekaru yana gina manhajar da ke kwaikwayon tafiyar iskar nan a kwamfuta, a kanta furfura ta fito masa.

Maryse daga New Brunswick ta zo, sa'arsa ce ko ta ɗan gaza masa. Ba ta yi wata guda ba ta tsaya a bayansa tana kallon allon kwamfutarsa, da kofin shayi a hannu.

"Aikinka ya yi kyau, Osvaldo," in ji ta. "Sai dai manhajar nan ta ɗauka kullum lokacin sanyi ne."

Ta yi masa bayanin cewa da zafi, iska mai ɗumi daga tudu takan kwanta a kan ruwa mai sanyi ba ta gauraya, don haka ɓarnar da fankar gaba ta yi mata takan bi ta har nesa. Ya san da haka. Ya daɗe yana cewa zai gyara. Amma da ya ji a bakinta, sai ya ji kamar ta shiga ɗakinsa ta ɗaga katifa.

Da babban aikin shekarar ya zo, shugabar kamfanin, Lorraine Correia, ta ce tsarin Maryse za a kai wa masu aikin. Osvaldo ya ce madalla, har da murmushi. Ranar bai iya cin abincin rana ba.

Da abin ya tsaya a ofis, da ya haɗiye. Ran Lahadi ya tafi gidan yayansa Amadeu cin abinci kamar yadda suka saba. Amadeu masunci ne mai jirgin kansa, kuma ba abin da ya tsana kamar fankokin nan. Bai taɓa tambayar ƙanensa me yake yi a wurin aiki ba, sai dai ya ce masa mai sayar da iska. Osvaldo na shiga ɗakin cin abinci ya tarar da Maryse a zaune, an cika mata kwano da miyar ganye da dankali da tsiran alade.

"Ga mai sayar da iska ya iso!" in ji Amadeu. "Zauna, ƙanena, ka ji yadda ake magana mutum ya gane."

Ashe an yi taro da masunta a zauren gari, Maryse ta nuna musu sabon tsarin, wanda ya bar hanyoyi masu faɗi a tsakanin fankokin, jirgi ya wuce da komarsa. Bayan taron Amadeu ya tare ta da faɗa, ta tsaya ta saurare shi har ya gaji, shi kuma ya gayyace ta gida.

"Yaya, ai ba don ku ta ware su ba," in ji Osvaldo. "Lissafin iska ne ya kawo haka."

"To kai naka lissafin me ya hana shi kawowa?"

Matar Amadeu ta ce su bar baƙuwa ta ci abinci. Maryse ta ce ai kan ginin Osvaldo ta ɗora nata, ba don shi ba da ba ta san inda za ta fara ba. Wannan yabon ya fi gorin zafi. Yana zaune yana kallo yayansa ya zuba mata jan giya daga kwalbar da mahaifinsu ya bari, wadda ko ranar auren Osvaldo ba a buɗe ba.

Tun daga Litinin ya shiga bin aikinta layi-layi. Ya gaya wa kansa dubawa yake yi don amfanin kamfani. Bai samu komai ba, ya sake bi. Daga ƙarshe ya tsinta: na'urar awon iska da ke shawagi a teku ta yi wasu watanni tana ba da awo mara kyau, gishiri ya cinye ta kafin a canza. Shi ya sani, don a gabansa aka yi. Maryse ba ta zo ba a lokacin, ta haɗa watannin nan cikin lissafinta.

Teburinta bai fi taku kaɗan da nasa ba. Kullum da safe sai ta ajiye masa soyayyen fulawa mai sukari daga shagon ƙasa, ya karɓa, ya yi godiya, ya ƙi gaya mata abin da ya tsinta.

Ranar da masu aikin suka zo, Maryse ta gama bayani, ana ta gyaɗa kai. Osvaldo ya yi gyaran murya.

"'Yar tambaya ce kawai. Watannin da na'urar ta lalace, an cire su?"

Maryse ta dubi allon, ta dube shi, wuyanta ya yi ja har kunne.

"Ban san ta lalace ba," ta ce.

Babban cikin baƙin ya rufe kwamfutarsa a hankali, ya ce gara su dawo in an tabbatar. Abin da Osvaldo ya yi kwanaki yana hange ya same shi, kuma ya yi daɗi, sai dai daɗin bai kai shi ƙofa ba. Lorraine ta tsare shi a nan.

"Tun yaushe ka sani?"

"Kwanan nan."

"Osvaldo, ni da kai mun tsufa da wannan. Ka kusa kashe mana aikin shekara don ka ga ta ji kunya. Ku zauna tare ku sake shi, kuma kar in ji bakinka a gaban baƙi sai na tambaye ka."

Suka sake. Kafaɗa da kafaɗa suka yi mako biyu, ba mai cewa uffan sai abin da aiki ya tilasta. Da aka cire watannin, maganar Maryse ta tsaya da ƙafarta. An ɗan rage tazarar da ta bayar, amma tsohon tsarin Osvaldo bai ko kusanci gaskiya ba. Masu aikin suka dawo suka amince. Rahoton ya fita da sunaye biyu, nata a sama.

Da Maryse take haɗa jakarta ranar, ta ce masa ba tare da ta ɗago ba, "Da teburina ka kawo min kuskuren nan, da ni zan tashi a taron in ce kai ka cece mu."

Ta rataya jakarta ta fita.

Amadeu bai ji labarin ba, domin Maryse ba ta faɗa masa ba, abin da ya ƙara wa Osvaldo haushi. Da aka fara dasa ginshiƙan fankokin, ya kira ƙanensa a waya.

"Asabar zan fita da Maryse ta ga wurin da idonta. Akwai wuri in za ka zo."

Osvaldo ya je, don ba zai iya zama a gida yana tunanin abin da suke cewa ba. Suna fita daga tashar igiyar ruwa ta fara ɗaga jirgin tana saukewa, amai ya taso masa. Kafin su hango ginshiƙi na farko yana kwance a kan tulin igiya, rungume da bokiti. Ta tagar ɗakin tuƙi yana hango Maryse riƙe da sitiyari, Amadeu na gefenta yana nuna mata wani abu can gaba da bakin lofensa.

"Riƙe shi haka, ƙanwata!" ya ji yayansa yana cewa. "Wallahi kamar a ruwa aka haife ki."

Osvaldo ya juya fuskarsa ga bokitin.