Ragowar Shuɗin Gidanmu

Mu a duniyarmu ta zane ba a tambayar mutum ɗan gidan wane ne, ido ke ba da amsa. Talaka layi ne kawai, baƙi a kan fari, yana tafe kana hango bangon da ke bayansa ta tsakiyar cikinsa. Masu sarauta ne ke da launi, kowane gida da nasa. Namu shuɗi ne, tun daga ƙofar gida har fatar jikinmu, kuma Inna, mahaifiyarmu, ta fi tattalin wannan shuɗin fiye da yadda take tattalinmu ni da Yaya.

Kafin yaƙi muna da rijiyar launi a bayan gida, ana ɗiba da guga kamar ruwa. Yaƙi ya zo ya binne rijiyar, ya tafi da Baba, hayaƙinsa ya cinye shuɗin ƙofarmu har ta koma kalar toka. Abin da ya rage mana rabin gwangwani ne, Inna ta tura shi ƙarƙashin gadonta tana kwana a kai.

Yaya kuwa ya dawo daga yaƙin da ƙafarsa, amma farar kibiya ta same shi a haƙarƙari. Ita wannan kibiyar ba ta fid da jini, goge mutum take yi. Inda ta taɓa sai ya zama fili, ba fata ba layi, kuma filin faɗaɗa yake yi a hankali. Ranar da ya dawo kamar bakin kofi ne. Kafin mu gama karɓar 'yan sannu da zuwa ya kai faɗin faranti, ina yi masa shimfiɗa ina ganin zanen gado ta cikinsa. Maganin guda ne, kowa ya sani: a cike ramin da launin gidan su mutum. Na wani gidan ba ya kamawa.

Ana cikin haka aka ce manyan gidaje za su zauna a sake rabon kujerun majalisa. Dokar tun ta kakanni ce. Za a aiko mai dubawa ya ga ƙofar gida, sannan magaji ya miƙe cikin rigar gidansu idan an kira shi. Gidan da launinsa ya koɗe, kujerarsa ta tafi.

Ni na je na kira mai fenti. Ya shigo ɗakin Yaya da burushinsa a bayan kunne, ya auna ramin da tafin hannu, ya leƙa gwangwanin, ya fita ya kalli ƙofa, ya dawo ya ɗaga rigar da ke rataye a ƙusa.

"Ranki ya daɗe," ya ce wa Inna, "wannan ba zai yi aiki biyu ba. Ko dai jikinsa, ko ƙofa da riga."

"To ai magana ta ƙare," na ce. "Buɗe gwangwanin."

"Ke aka tambaya?" in ji Inna.

Baffa na zaune a bakin taga yana murza gwiwa. Ƙanen Baba ne. Wannan gwiwar ce ta hana shi zuwa yaƙi, amma tun da aka daina faɗa ba ta taɓa hana shi zirga-zirga tsakanin gidan Ja da gidan Kore ba, ya ci na rana a can, ya sha shayi a nan, ya dawo mana da labarin kowa.

"Uwargida, a bi a hankali," ya ce. "Idan kujera ta tsaya, majalisa za ta ba mu ma'aikata a tono rijiya. Rijiya ta dawo, yaron nan ko wanka yake so da shuɗi sai ya yi. Amma in kujera ta tafi, wa zai kalle mu? Gidan Ja sun yi mini alkawari da bakinsu."

"Baffa, bakin da suka yi wa Baba alkawarin dawakai da shi?"

"Kin ji ta ko? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Na juya wajen Yaya, don na tabbata mai ciwo ba zai yi wasa da ransa ba. Abin da ya yi shi ya fi ƙona mini rai har yau. Ya kalli Inna, Inna na kallon ƙasa, don ita ba ta haɗa ido da ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa. Sai ya yi murmushin nan nasa na gefen baki.

"Auta, bar su su shafa wa ƙofa. Kina so a ce a hannuna kujerar Baba ta faɗi?"

"A ce mana! Wa zai mutu don an ce?"

"Ramin ba ya ciwo."

"Ba ya ciwo, amma ci yake yi."

"Ke dai bakinki ya fi ƙarfin jikinki," ya ce, yana dariya. Dariyar ta fita ta ramin rabi, ta baki rabi.

Na yi kuka, na yi rantsuwa, na ce girman kai rawanin tsiya ne, Inna ta ce in fita mata daga ɗaki. Mai fenti ya zare burushinsa daga bayan kunne. Ya ɗauki gwangwani ya fita, ya dasa tsani. Ina tsaye a tsakar gida ina jin burushi na kai da komo a jikin katako, duk shafa ɗaya kamar a ƙirjina ake yi. Maƙwabta suka taru a titi suna cewa ma sha Allah, gidan nan ya dawo. Da ya gama da ƙofa ya shimfiɗa rigar a kan tebur ya bi ta da sauran. Abin da ya liƙe a gindin gwangwani na kankare da cokali na shafa wa Yaya a gefen ramin. Bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Gaskiya ƙofar ta yi kyau. Ba zan yi ƙarya ba, har ni da nake tsine mata sai da na tsaya na kalla.

Ranar zama muka sa wa Yaya riga, muka cusa tsumma a gefen da babu komai don kada ta lotsa. Ni na riƙe shi ta hagu muka hau matakalar majalisa, Baffa na gaba yana gaisa da mutane da hannu biyu. Aka zaunar da mu a layi na uku. Yaya ya miƙe wuya kamar ba shi ba, gumi na zuba, ni kaɗai ke jin yadda yake rawa.

Ba a kira mu ba. Ba a kira kowa ba. Tun kafin a yi addu'ar buɗewa, gidan Ja da gidan Kore suka kaure a kan wa zai zauna a hannun daman shugaba. Wannan ya ce shi ya ci yaƙin, wancan ya ce shi ya ciyar da masu yaƙin. Wani tsoho ya jefa sanda, wani ya cire hula. Shugaba ya buga tebur ya ce an ɗage zama sai an sanar. Mai duba ƙofofi ma ashe ba a naɗa shi ba tukuna, a kan wannan ma rigima ake yi. Ko mutum ɗaya bai kalli rigar ba.

A hanyar dawowa Baffa ya ce, "Ai wannan alheri ne, mun sami lokacin ƙara shiri." Na ja Yaya muka yi gaba, don in na buɗe baki a titi sai an raba ni da Baffa.

Daga nan ramin ya ci kafaɗa, ya sauka cinya. Hannun dama ya tafi wata safiya ina ba shi ruwa, kofin ya faɗi a kan bargo. Na bi gidajen da muke da dangantakar aure da su ko wani ya ajiye ɗigon shuɗi cikin kayan gado. Kowa ya karɓe ni da fara'a, ya yabi ƙofarmu, ya rako ni har waje. Inna ta sa aka rufe tagogin ɗakin da labule mai kauri, wai kada rana ta koɗar da rigar kafin zama na gaba. A ɗakin Yaya rigar take rataye, don haka shi ma ya koma zaman duhu. Kullum da hantsi takan zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ya mai jiki?" ba ta shigowa. Na san tana kuka a ɗakinta, ina jin ta, amma kukan bai sa na yafe mata ba.

Bakin Yaya ya tafi kafin a sanar da sabon zama. Idanu suka rage, da kunne ɗaya, da hannun hagu da nake riƙewa.

Da sanarwar ta zo, Baffa ya shigo da sallama, ya tsaya a gaban gado ya ce Allah ya sauwaƙe. Sai ya sauke rigar daga ƙusa ya zura. Ta yi masa tsawo, hannuwan sun rufe yatsunsa.

"Auta, ke ce mai hannun ɗinki. Ki ɗan rage mini hannun nan kafin gobe. Ba don kaina ba, don gida."

"Baffa, yana ji fa."

"Shi ma ya san ba za a bar kujera babu kowa ba."

Na kalli Yaya, ina jira ya kawar da ido ko ya matse mini hannu, don in sami dalilin yayyaga rigar nan gida biyu. Sai ya kalli rigar, ya kalli akwatin ɗinkina da ke kan tebur, ya saki hannuna.

Na ɗauko almakashi. Sai da na ɗaga labule kaɗan don in ga ramin allura, Inna ta ce daga bakin ƙofa in sauke shi.