Jan Fenti A Ƙofar Mama Juliana

"Wa ya ba ku izinin shafa mini jini a bango?"

Mama Juliana ta fito ƙofar gidanta da ke Kakau, muciya a hannu, tana harar jan da'irar da aka zana mata. Fentin bai ma bushe ba, yana gangarowa. A ƙofar maƙwabciyarta Talatu kuwa shuɗi aka shafa, kuma ga samari biyu suna sauke mata wani dogon farin bokiti mai famfo daga motar masu bincike.

"Mama, fenti ne kawai," in ji 'yarta Debby a hankali. Kunya ta kama ta, domin rigar masu binciken ce a jikinta. Ta gama difloma ta daɗe a zaune, sai da ayarin wata jami'a ya zo nazarin ruwan rijiya da gudawar yara, aka ɗauke ta tafinta. "Bokitin tace ruwa ne. Bai isa kowa ba, sai aka yi ƙuri'a. Kwamfuta ce ta zaɓa."

"Kwamfuta ta san Talatu ke nan? Tare suke zuwa niƙa?"

Talatu ta leƙo tana dariya. "Haba Maman Debby, ke da 'yarki ke cikinsu? Ai naki da janareto zai zo."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta dubi bokitin, ta dubi Talatu, ta koma ciki.

* * *

Damina ta sauka, gudawa ta biyo ta. Blessing, jikar Mama da uwarta ta bari ta tafi aiki Abuja, ta fara zubewa. Yarinyar da ke bin kaji da gudu ta koma kwance a tabarma, idanunta sun faɗa, ruwan gishiri da sukari ma da ƙyar take haɗiyewa.

Unguwa kuma ta rabu biyu, jajaye da shuɗɗa. A wurin niƙa wasu suka ce gidajen ja rusa su za a yi. Wasu suka ce akwai maganin hana haihuwa a bokitin. Mama kuwa ta tsaya a kan cewa Talatu ta kai wa mai unguwa wani abu. Kwanon tuwon da ya saba tsallaka katanga tun Debby na goye ya daina tsallakawa.

Zargin Debby wani wuri ya nufa. Kowane mako tana shiga gida-gida, ta tambayi uwa sau nawa ɗanta ya zaga, ta ɗebi ruwan rijiya a 'yar kwalba. Kwalabe suna tafiya, amsa ba ta dawowa. Ta kuma lura ba wanda ke shan ruwan Kakau a ayarin. Ranar da shugabansu, Dakta Abdulmalik, ya shiga gidansu, Mama ta kawo masa ruwa a kofin baƙi. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya kai bakinsa, ya ajiye. Debby ce ta ɗauke kofin. Ko ɗigo bai ragu ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba mai tambaya. Mutum ya zo da mota da farar riga ya ɗebi ruwanka, ya auna hannun ɗanka, kai kuma sai sannu da aiki.

* * *

Wata safiya aka ce ta raka akwatin kwalaben zuwa ɗakin gwaji a cikin gari. Nelson, mai gwajin, yana fitar da su yana duba lambobi, sai ya ɗaga ɗaya ya yi tsaki.

"Wannan rijiyar kuma? Har yanzu mutane na shan wannan abin? Ai salga ce ke tsiyaya a ciki."

"Rijiyar gidanmu ce," in ji Debby.

Nelson ya ajiye kwalbar kamar ta ƙona shi. "Ni fa ban ce komai ba, sista."

Debby ba ta ƙwanƙwasa ƙofar Dakta ba, tura ta kawai ta yi.

"Sa, tun yaushe kuka sani?"

Bai yi kamar bai gane ba. Ya cire tabarau. "Tun gwajin farko. Kuma ba taku kaɗai ba ce, yawancin rijiyoyin layin haka suke. Zauna, Debby."

"Tun kafin damina ke nan. Ina shiga gidajen nan ina tambayar iyaye kashin 'ya'yansu, ku kuna da amsar a aljihu!"

"Ki saurare ni. Ta yaya za mu nuna bokitin nan yana aiki in ba mu da gidajen da za mu kwatanta da su? In muka faɗa, kowa zai tafasa ruwa, bambancin ya ɓace, aikin ya mutu. In kuwa ya fito da kyau, dubban gidaje za su samu. Ba mu zuba komai a rijiyarku ba. Abin da kuke sha kafin mu zo, shi kuke sha."

"Da ba wanda ya sani. Yanzu kun sani."

Ya juya biro a hannunsa. Muryarsa ta yi laushi. "Na ji 'yar yayarki ba lafiya. Akwai bokiti ɗaya a sito. Ki zo da a-daidaita ki ɗauka, ki sa a ƙuryar ɗaki. Mu cire gidanku daga lissafi, magana ta tsaya nan."

A zuci Debby ta ga Blessing a kan tabarma. Ta ga farin bokitin a bayan ƙofar Mama, ruwa garau yana zuba a kofi. Ta buɗe baki za ta ce to. Sai kuma ta tuna sauran jajayen ƙofofin, da matan da ke shimfiɗa mata tabarma suna cewa 'yar gida ta zo.

Ta tuɓe rigar aikin ta ɗora masa a kan tebur.

* * *

Ranar Lahadi bayan sujada Debby ta miƙe a coci ta faɗi halin da rijiyoyin ke ciki. Ta je wurin niƙa ta faɗa. Ta roƙi mijin Talatu ya faɗa a masallaci. Ta zaci za a gode mata.

"Ai ke kike ɗibar ruwan," in ji wata tsohuwa. "Yau kika sani, ko yau kuka ɓata da su?"

"Ƙila sallamar ta aka yi," wata ta ce, ba ta ko rage murya ba.

Mama ma sai da ta tsare ta a tsakar gida. "Tsaya. Ya ce zai ba ki bokiti?"

"E, Mama, amma..."

"Kika bar shi can? Kika zo mini da jawabi?" Ta nuna Blessing. "Jawabi za ta sha?"

Da motar masu binciken ta dawo, samari suka tare ta da ihu da duwatsu, ta juya. Bayan kwanaki ta sake dawowa, wannan karon da 'yan sanda biyu a baya. Ba su ɗebi ruwa ba. Gidajen shuɗi suka bi suna tattara bokitai. Direban ya ce kayan aikin bincike ne, Kakau ta lalace, za a koma wani ƙauye inda mutane ke da haɗin kai.

Talatu ta rungume nata. "Don Allah ku bar mini. 'Yata Ummi ta daina gudawa tun da ya zo. Ni me na yi?"

Suka zare hannunta a hankali, suka juye ruwan da ke ciki a ƙasa don ya yi sauƙin ɗauka.

* * *

An yi wa Blessing ƙarin ruwa a asibitin sha-ka-tafi, ta dawo gida, wuyanta kamar zare. Gawayi ya yi tsada, don haka 'yar buta ɗaya Mama ke tafasawa, ta yarinyar kaɗai. Ita da Debby daga randa suke sha, ba sa duban juna.

Da la'asar Debby ta ji ƙarar guga a gidan Talatu. Ta matsa jikin katanga. Talatu ta jawo ruwa, Ummi na tsaye tana jan zanenta tana kukan ƙishi.

"Maman Ummi," Debby ta ce, "don Allah a tafasa mata tukuna."

Talatu ta ɗago ta dube ta, ta daɗe tana dubanta.

"Da wane icen, Malama?"

Ta karkata gugan. Ummi ta kama bakinsa da hannu biyu, ta kafa kai tana sha, ruwan na bin haɓarta yana jiƙa mata riga.