Littafin da Bai Shiga Wuta Ba

Na dawo garinmu Yonago bayan shekara bakwai ina karatun likita a Hungari, na ci jarrabawar likitoci ta gida, asibiti ya ɗauke ni. Ranar ɗaya ga Afrilu sababbin likitoci ke fara aiki. Saura kwana goma sha biyu aka kira mu gwajin lafiya.

An ɗebi jini, an auna ido da kunne. Da aka zo hoton ƙirji na ce ba zan shiga ba.

Sista Horiuchi, mai kula da rigakafin ma'aikata, ta ja ni ofishinta ta rufe ƙofa.

"Wata nawa?" ta tambaya.

"Sati tara."

"Mijin fa?"

"Yana can, sai watan Yuli zai gama."

"To, Likita Kuwabara, na tarin fuka ba damuwa, jini ma zai nuna mana. Inda matsalar take ita ce ƙyanda da ƙyandar Jamus. Ko ki kawo shaidar an yi miki allura sau biyu, ko a yi miki yanzu. Mai ciki kuwa ba a yi mata, kin fi ni sani."

"Jinina fa?"

Bayan kwana uku sakamako ya fito. Kariyar ƙyanda ba ta kai yadda asibitin ke so ba. Sista ta ce ba za ta sa hannu in shiga ɗakin marasa lafiya ba, sai na haihu an yi mini allura. Ke nan shekarar ta wuce ni.

"Ina littafin uwa da ɗa na mahaifiyarki, wanda ofishin gari ke ba mai ciki?" ta ce. "Komai yana ciki. Ku da kuka yi karatu a waje, ku zo da takardu cike da jaka, amma ɗan littafin nan ɗaya babu."

Mahaifiyata ta rasu ina aji biyar a jami'a, ana tsakiyar jarrabawa, ban zo ba. Gwaggo Sumie, yayar babana, ita ta shirya komai. Ta rubuto mini cewa sun sa busasshiyar cibiyata ta haihuwa a akwatin gawa kamar yadda ake yi, suka haɗa da littafin, don Mama ta tafi da abin tuna ɗiyar da ba ta zo ba. Aka ƙone su tare da gawar, bisa al'adarmu.

Na je ofishin gari, suka ce ba su da bayanan shekarun nan. Asibitin yaran da aka riƙa kai ni ya zama wurin ajiye motoci.

Ranar Lahadi na je gidan Baba. Shekara talatin da takwas ya yi yana aikin jirgin ƙasa, kuma har yanzu ƙarfe goma sha biyu daidai yake cin abincin rana. Na same shi da Gwaggo, ta kawo masa gasasshen kifi da miyar miso ta waken soya.

"Ga Baturiya," in ji Gwaggo. "Kina iya zama a ƙasa kuwa, ko a kawo miki kujera?"

Na zauna. Da na ji warin kifin, na ture kwanon.

"Can ba sa cin kifi ne?"

"Ciki gare ni, Gwaggo."

Baba ya ajiye tsinken cin abincinsa. Na faɗa musu sauran a taƙaice: allura, shaida, ɗaya ga Afrilu.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Wayyo Nagisa! Da hannuna na miƙa wa babanki littafin ya naɗe shi a ƙyalle. Da na sani..."

"Ban zo don in ga laifin kowa ba. Na zo in faɗa muku zan zauna a gida shekara guda."

Baba ya tashi. Ya durƙusa gaban ɗan akwatin addu'a inda hoton Mama yake, ya jawo aljihun ƙasa, ya ɗaga kwalin turare. Ya dawo ya ajiye ɗan littafi kusa da kwanona. Bangon ya koɗe, sunan Mama a sama, nawa a ƙasa.

"Shigeru!" Gwaggo ta ce. "To me muka ƙone?"

"Jadawalin jirgi. Girmansu ɗaya."

"Ka tura matarka lahira da jadawalin jirgin ƙasa?"

"Kullum tana makara, Yaya. Ya fi mata amfani."

"Shekara uku kana kallona ina ba mutane labari!"

"Rubutunta ne a ciki," ya ce. Ya koma kan kifinsa.

Na buɗe shafin allurai. Ta farko tana nan da hatimin likita, ina da shekara ɗaya da wata uku. Layin ta biyu babu komai. Na juya shafi, na sake juyawa. A bangon baya na ga wata 'yar takarda da aka manna, daga shekarata ta ƙarshe a sakandare, da kwanan wata da lambar magani da hatimi. A gefe Mama ta rubuta da fensir: "Shekara goma sha bakwai, amma ta yi kuka."

Sai a lokacin na ji yunwa. Na ci shinkafar zalla, kwano biyu.

Ranar Litinin Sista Horiuchi ta duba hatiman biyu, ta ɗauki hoton shafukan, ta sa hannu.

"Sau biyu, a rubuce. Shi ke nan. Amma in mai ƙyanda ya zo, ki bar wa wani." Ta karanta rubutun fensir ɗin, ta dube ni ta saman tabarau. "Kuka, Likita?"

"Ban tuna ba."

"Ke kin karɓo naki littafin, na wannan cikin?"

"Tukuna."

"Ofishin gari na rufewa ƙarfe biyar. Je ki yau, ranar ɗaya ga wata ba za ki samu lokaci ba."

Na mayar wa Baba littafin Mama da yamma. Ya sa shi ƙarƙashin kwalin turaren, ya tambaye ni jirgin ƙarfe nawa zan riƙa hawa.